Gangar Minti na Sha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a falona da ke Gusau. Mu uku ne a gidan: ni, da Malam Sanusi da ya taso daga Tsafe, da ƙanwata Kulu da ke zuwa daga Bungudu duk mako ta dafa mini abin da zai kai ni Laraba.

Sai na ɗan koma baya. Shekara talatin da biyu na yi ina karanta labarai a rediyo. Sa'ad da na fara aiki, akwai wasu fayafayen garmaho na Turawa a ɗakin ajiya, kiɗan rok na shekarun saba'in, irin wanda waƙa ɗaya ke cinye fuskar faifai sukutum. Ba don daɗinsu ake sa su ba. In lokacin salla ya yi kuma kai kaɗai ne a bakin aiki, sai ka ɗora ɗaya. Minti ashirin da uku, ya ishe ka alwala da salla har da addu'a. Abokan aiki suna ce musu fayafayen alwala. Ni kuwa a haka na kamu da son ɗaya daga ciki. Na are shi wani ƙarshen mako, na naɗe shi a kaset a gida. Daga baya faifan ya ɓata wajen ƙaura, kaset ɗin nan ya zama shi kaɗai nake da shi.

A Gusau kaf ban san mai jin irin wannan kiɗa ba. Matata Rabi kan ce masa "kiɗan da ba ya gajiya". Ta rasu shekara huɗu ke nan, yara kuma kowa na garin aikinsa. Babban ɗana ne, don ya rage mini zaman shiru, ya sa ni a wani zauren hira na waya na masu son waɗannan fayafaye. Mu tara ne a duk ƙasar (na ƙirga sau biyu). Guda ɗaya ne ɗan Zamfara ban da ni: Malam Sanusi, tsohon malamin kimiyyar halittu.

Ana nan sai aka sake fito da faifan nawa a akwati na musamman. An koma kan ainihin naɗin, an ware kowane kayan kiɗa daban, an sake haɗa su. Zaure ya rabu biyu, 'yan tsohon haɗi da 'yan sabon haɗi. Ni ne limamin 'yan tsoho, kuma ina da hujja. A minti na sha ɗaya komai yakan yi tsit sai sarewa, a ƙarƙashinta kuma akwai wata ganga can nesa, dum, dum, dum, sai tafi ɗaya. Ba ta bin sarewar, tafiyarta take yi. A sabon haɗin da wani ya turo, babu ita.

Na zauna na rubuta sharhi mai sakin layi goma sha biyu (da Turanci, har da lambobi). Na ce wannan ganga ita ce ran waƙar. Na ce makaɗan sun koyo ta ne daga Afirka. Na ce waɗanda suka goge ta kurame ne masu takardar shaida. Sauran suka ce su ba su taɓa jin wata ganga ba, na ce kunne ma sai da horo. Malam Sanusi ya rubuto cikin ladabi cewa shi ma bai san ta ba. Na amsa masa a gaban kowa cewa lokacin da nake sanye da abin saurare a kunne, shi yana can yana feɗe kwaɗi.

Wata biyu bai ƙara cewa uffan ba. Na riƙa buɗe wayar bayan kowace salla ina duba ko ya yi magana. Mutum ɗaya tak a jihar nan da zan iya zama da shi mu ji sarewa, na kore shi da kwaɗi.

Rannan sai ga kiransa. 'Yarsa ta aiko masa da akwatin, kuma a ciki akwai tsohon haɗin da sabon.

"Malam, in kana gida Asabar, sai in zo mu ji tare. Kunne huɗu sun fi biyu."

Tun Alhamis na fara shiri. Na goge kan rikoda da auduga. Na share falon da rabonsa da baƙo tun zaman makoki. Na kuma shirya abin da zan faɗa in ya ba ni haƙuri, kalmomi na dattako, ba tare da gori ba.

Muka fara da tsohon haɗi na cikin akwatinsa. Minti na sha ɗaya ya zo, sarewa ita kaɗai. Ban ko girgiza ba, na ce wannan ma sun taɓa shi. Na sa kaset ɗina, na ɗaga yatsa ina kallon agogo. Dum, dum, dum, tafi. Malam Sanusi ya matso da kujera, ya cire hula.

"Wallahi akwai ta," in ji shi.

Nasarata ta yi kamar daƙiƙa arba'in. Sai Kulu ta shigo da farantin shayi, ta tsaya tana waige-waige.

"Wa ka surfe cikin gidan ga?"

"Ba surfe ba ne, Kulu. Ganga ce. Turawa ne."

"Turawa? Yaya, wanga turmi na. Gero na ma, ba dawa ba, ji yadda shike amsawa."

Na ce ta ajiye shayi ta bar mu, wannan ba fanninta ba ne. Ta ajiye, amma ba ta fita ba. Ta karkata kai wajen lasifika. Tafin ya sake zuwa.

"Ka ji? Ta cilla taɓarya ta tafa. Bugu ukku, tafi guda." Muryarta ta sauka. "Wanga hannun Yaya Rabi na. Duk danginmu ita ɗai ka yin haka."

Nan take ranar ta dawo mini gaba ɗaya. Ba ni da wayar haɗa garmaho da rikoda, don haka na ajiye rikodar a kan tabarma a gaban lasifika, taga a buɗe saboda zafi. Na ja wa Rabi kunne kada kowa ya yi magana na minti ashirin da uku. Ba ta kuwa yi magana ba. Ta ja turminta can bayan ɗaki ta ci gaba da aikinta. Sauran kiɗan ya rufe ta, sai a wurin da aka bar sarewa ita kaɗai.

Ni ma'aikacin rediyo, mai koya wa sababbin ma'aikata rufe ƙofa kafin a kunna jar fitila.

Malam Sanusi ya ɗaga kai yana nazarin silin, kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Malam, a sakin layi na nawa ka ce daga Afirka aka samo ta?"

"Na bakwai."

"To, nan dai ba ka yi kuskure ba."

Na so ƙasa ta buɗe. Na fara haɗa wata magana a kan ingancin kaset na da, sai Kulu ta katse ni.

"Yaya, maido shi baya."

Na mayar. Sau uku muka ji, har shayi ya huce. Kulu ta share ido da bakin mayafi ta koma kicin. Na naɗi muryoyin mutanen da ban san adadinsu ba, manoma da 'yan kasuwa da masu mulki, ban taɓa tunanin naɗar ta Rabi ba. Ashe abin da ya rage mini nata shi na shekara talatin ina yaba wa wani Bature mai dogon gashi.

Abin da na koya kaɗan ne: kafin ka ce duniya ta kurumce, ka tambayi mai kicin abin da take ji.

A aikinmu, in ka karanta kuskure, da bakinka kake gyarawa. Kafin Magariba na rubuta gyara a zaure, layi uku, har da ban haƙuri a kan kwaɗi. An yi kwana biyu ana dariya, wani ɗan Ibadan ya nemi a turo masa "haɗin Gusau". Ban tura ba.

Malam Sanusi ya bar akwatin a wurina. Yana zuwa Asabar biyu a wata, muna jin sabon haɗin, kuma na yarda sarewar ta fi fita. Kaset ɗin kuwa sai Malam Sanusi ya kama hanyar Tsafe nake sa shi, daga minti na sha ɗaya.