Ƙaiƙayin da Na Cusa wa Tanderun Idi

Ban taɓa yin aikin da ya wahalshe ni kamar tanderun Idi ba, ban kuma taɓa yin wanda ya kunyata ni kamarsa ba. Ko na so in manta, mutanen Filinge ba za su bar ni ba.

Ni maginin rumbu ne. Ban shiga lakwal na yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma daga nan har Bonkuku in ka ji an ce rumbun wane ba ya tsagewa, ni ake nufi. Ba ni da shanu, ba ni da kanti. Sunan nan kaɗai gare ni, shi ke sa a aiko mini da amalanke bayan girbi a ce in zo.

Idi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru a Yamai yana dafa wa wasu Turawa masu haƙar rijiya abinci. Da soja suka karɓi mulki Turawan suka tattara suka tafi, shi kuma ya dawo gida ba aiki, ga mata ga ƴaƴa huɗu. Abin da ya zo da shi kaɗai jajayen tubala ne gasassu, waɗanda ya ɓamɓaro daga tanderun da suka bar masa (mutane na dawowa daga Yamai da rediyo, nawa ƙanen ya dawo da tubali). Wai zai riƙa gasa fiza yana sayar wa ma'aikatan gari. In ba ka san fiza ba, burodi ne da aka murje ya koma kamar faifai, a shafe shi da tumatir, a barbaɗa cuku, a jefa wuta. Shi ke nan. Abin da ya tsufar da ni ke nan.

Ya zana mini yadda yake so a ƙasa da tsinke. Na tayar da dakali har ƙugu, na zuba fasassun kwalabe da gishiri, na shimfiɗa tubalan a kai. Sannan na tara jiƙaƙƙen rairayi ya yi tudu kamar kifaffiyar ƙwarya, na bi shi da tubali ɗaya ɗaya, don in ya bushe a yashe rairayin ta ƙofa. Sau biyu kan yana rufta mini. Kwalba ta yanke ni a diddige. Bayana kuwa har yau in na sunkuya sai na tuna da Idi. A karo na uku kan ya tsaya.

Saura bango na biyu, wanda zai rufe na farko, da tazarar taƙi guda a tsakaninsu. A wannan tazarar ake cusa abin da zai riƙe zafi.

"Toka, Yaya," in ji Idi. "Toka zalla, a danne ta da kyau."

Na ce, "Ina muka samun tokar da za ta cika wanga rami?"

"Gida gida mana. Wace mace ce ba ta da murhu?"

Raina ya ɓaci. Ni da furfurata, ni da ake aiko wa amalanke, in ɗauki kwano in bi madafan matan mutane ina roƙon toka? Washegari Idi ya tafi kasuwar Sanam sayen cuku, zai kwana biyu. Ni kuma ga tarin ƙaiƙayin gero a bayan gidana, ya fi ni tsawo. Tun ina saurayi da shi nake kwaɓa ƙasar rumbu, na kuma san yana hana zafin rana shiga ya taɓa hatsi. Sai na ce wa kaina, abin da ya hana zafi shiga ai zai hana shi fita. (Ka ji lissafin. Har daɗi na ji da na yi shi.) Na cusa ƙaiƙayi busasshe har wuya, na yayyafa ƴar tokar murhun matata a sama don ido, na rufe da bango siriri sumul irin na rumbuna.

Da Idi ya dawo ya zagaya shi yana shafawa.

"Ka samu tokar, Yaya?"

"Na samu."

"Har ta cika?"

"Kai Idi, wa yak koya maka ɗaura wando?"

Ya yi dariya ya ba ni haƙuri.

Mako guda muna hura ƴar ƙaramar wuta a ciki don ya bushe a hankali. Ko ɗigon tsaga babu. Na fara tafiya cikin gari ina jiran a tambaye ni.

Ranar buɗewa Idi ya gayyato daraktan lakwal, da babban ma'aikacin gidan likita, da jandarma biyu, su zo bayan la'asar. Waɗannan su ne kasuwarsa gaba ɗaya, in sun ci sun yaba, sauran za su biyo. Tun azahar yake ɗura itacen ƙirya, har cikin tanderun ya yi fari fat. Matan unguwa suka jeru a bayan zana suna leƙe, cikinsu har da Zali taubashiyata, wadda tun muna yara bakinta bai taɓa raga mini ba.

Idi ya zura fiza uku. Ƙamshi ya tashi. Darakta ya gyara tabarau ya ce, "Wa ya yi wannan gini?"

Na ba shi girma da Faransanci na ce, "Ni ne, mushe. Abin da na gina ba ya tsagewa."

Wallahi ban rufe baki ba wani ƙamshin ya biyo na farko. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masussuka ya san shi. Na ɗaga kai, sai ga hayaƙi fari mai kauri yana tsiyayowa ta ƙeyar tanderun, inda ba ƙofa ba taga. Zare ɗaya, sannan uku, sannan ban iya ƙirgawa ba.

Idi ya ce, "Yaya, toka na hayaƙi?"

Na ce laima ce ke fita. Na dumbuzo laka a hannu, na taka dakali, na hau don in toshe tsagar kafin a gane. Abin da ban sani ba, ƙaiƙayin ya daɗe yana ci a ɓoye, ƙarƙashin sumul ɗin bangona ba komai sai garwashi. Ina ɗora gwiwa ya burma. Ƙafata ta shige har cinya.

Ban san na iya ihu irin wannan ba. Na fizgo ƙafa na diro ƙasa, wando na ci da wuta, na tsinke mazagi na yar da shi. A gaban darakta. A gaban jandarma. A gaban matan unguwa, da ƴar riga da ko cinya ba ta rufe ba. Ɗaya jandarman, Allah ya saka masa, ya suri bokiti ya watsa mini. Rabin ruwan ya same ni, rabin ya bi ramin da na huda ya sauka kan jajayen tubalan Idi. Na ji ƙas, ƙas, sannan kan da na gina sau uku ya zauna a kan fiza uku.

Darakta ya sa tsinin takalmi ya tona abin da ya zubo, ya ce, "Wannan ai ƙaiƙayi ne."

Daga bayan zana Zali ta ce, "Sannu magini! Rumbunka bai tsagewa, sai dai wandonka."

Dariyar ba ita ta fi ci mini rai ba. Idi ne. Bai yi faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya tsuguna yana jawo tubalansa da sanda, yana ware masu rai gefe guda, fasassu gefe guda. Fasassun sun fi yawa. Bai dube ni ba ya ce, "Toka nic ce maka, Yaya."

Baƙi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Matar Idi ta miƙo mini zanenta ta saman zana, fuskarta a juye. Da shi na ratsa unguwa na tafi gida ina ɗingishi.

Bayan girbin shekarar, amalanke biyu kaɗai suka zo ƙofata. Har yau in aka ga hayaƙi a wani gida sai wani ya ce ko ni na yi ginin. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: na guji matan unguwa su gan ni da kwano a ka, suka gan ni ba wando.

Washegarin ranar da tanderun ya rufta kuwa, na ƙudura sai na sake gina wa Idi shi. Da na idar da salla, na shafa man shanu a cinya, na ɗauki babban kwanon wankin matata na aza a ka. Gidan Zali na fara yin sallama, don in gama da mafi wuya. Ta fito, ta dube ni sama da ƙasa, ta daɗe a kan sabon wandon.

Na ce, "Toka nika so."

Ta ce, "Ga murhu can. Kwashi da kanka, kada ka bar mini ko kaɗan."

Na tsuguna na fara kwasa.