Ranar da Dutsen Na-Sani Ya Yi Amai

"Duk faɗin duniyar nan, in ka cire mutanen cikin talabijin, babu wanda ya san dutse mai aman wuta kamar ni!"

Maganar Na-Sani ke nan, mai facin taya da ke haya a ɗakin ƙasa na gidanmu. Mu muka raɗa masa sunan, don ko cewa ka yi, "Jiya na yi mafarki," kafin ka rufe baki zai ce, "Na sani." Ilimin duwatsun kuwa a shagon aski ya samo shi. Ana yi masa aski ana nuna shirin a talabijin, sai aka ɗauke wuta. Ya fito da rabin aski da rabin ilimi, kuma duka biyun bai koma an ƙarasa masa ba.

Ni dai ka san ni, abokina. Aji biyu na yi a makaranta malamai suka roƙe ni in tafi gida kar in ƙure su. Saboda haka da ya zauna a bencin mai shayi zai koyar da mu, na gyara zama.

Ya ce, "Iri huɗu ne. Akwai mai faɗi kamar an kife faranti. Wannan malalaci ne, narkakken dutse yake dalalowa a hankali kamar yawun mai barci, tsoho da sanda ma zai tsere masa. Akwai dogo mai tsini, mugun ke nan. Ya yi tsit shekara da shekaru, ran da ya tashi ya tofa toka har rana ta ɓace, rufin gidaje ya rufta, jirgin sama ya kasa tashi. Sai ɗan autansu, tsibin gawayi, shi hayaniya ce kawai."

Na ce, "Na huɗun fa, Injiniya?"

Daidai nan aka ɗauke masa wuta a shagon askin, amma sai ya ce, "Na huɗun sirri ne, Baba. Kanka ba zai ɗauka ba."

To, ga inda zancen yake. Hajiya mai gidanmu mijinta ya rasu, Na-Sani kuwa ya ƙyalla ido, ya ce aurenta yake so. Ta ce ba ta ƙi ba, amma sai yayanta ya zo ya gan shi, ya tabbatar mutum ne mai hankali. Tun daga ranar gogan naka ya daina gaishe mu sosai. In ya wuce sai ka ga yana kallon benen sama yana gyaɗa kai, kamar mai zaɓen ɗaki.

Don ya nuna wa Hajiya shi mai kula da gida ne, ya zagaya baya inda wani tsohon bututu yake tsaye a cikin ciyawa yana turo wari ta tagarsa. Bai tambayi kowa ba, ya kwaɓa siminti ya ɗura masa har wuya. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Na kashe wari har abada."

Wari kuwa ya mutu. Sai da zafi ya kankama, ƙasar wurin ta fara tudu. Ta tsage. Ka ɗora tafin hannu ka ji ɗumi, ka kasa kunne ka ji ana ɓul-ɓul a ciki, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Na-Sani ya shigo tsakar gida da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. "Alamu sun cika! Tudu, ɗumi, gurnani, warin ƙwai! Jama'a, ana haifar dutse a bayan gidanmu!"

Wata tela da ke ɗinki a baranda ta toshe hanci da gyale ta ce, "Ni dai warin nan kamar na san shi a wani wuri."

"Ke zare kika sani! Wannan numfashin cikin ƙasa ne."

Ya kewaye wurin da igiya. Ya hau sama ya zayyana wa Hajiya arzikin da ke tafe: tokar dutse taki ce da babu irinta, ruwan zafinsa yana warkar da ciwon gwiwa, baƙi za su zo daga ƙasashe da kyamara, gidan nan zai koma otal. "Otal kuwa, Hajiya, sai da namiji mai ilimi a kansa." Ni ma ya tambaye ni ra'ayina. Na ce, "Injiniya, irin wannan abu ai a gaban suruki ake buɗe shi." Ya ce dama ya sani.

Ranar da yayan Hajiya ya zo, dattijo ne mai tabarau, fararen kayansa har ɗaukar ido suke. Na-Sani ya aro hular kwano, ya ɗauko rodi da guduma, ya tara duk 'yan haya.

Dattijon ya shaƙi iska ya yamutsa fuska. "Malam, ka tabbata wannan dutse ne?"

"Ranka ya daɗe, malalacin ne, mai dalala. Zan ɗan huda shi ya yi numfashi, ku ga wutar da idonku. Ku matso, Yaya. Hajiya, matso, ba ya cizo."

Suka matso. Ni kuwa na ja baya har gindin katanga na buɗe lema. Tela ta ce, "Baba, lema da ranar nan?" Na ce, "'Yata, shigo ciki, tambaya daga baya."

Ya kafa rodi a tsagar. Ƙwam! Ƙasa ta yi gurnani. Ya waiwayo yana washe baki. "Kun ji? Yana gaishe da Yaya." Ƙwam! Ya ɗaga guduma a karo na gaba, ya ce, "Yau za ku san waye..."

Bai ƙarasa ba. Abokina, murfin tsohon ramin masai ne a ƙarƙashin ƙasar, bututun da ya toshe kuwa nan ne hancinsa. Iskar da ta taru tun sanyi ta sami ƙofa. Fuuuu! Abin ya yi sama ya wuce benen da gogan yake zaɓen ɗaki, ya tsaya can yana shawara, sannan ya dawo.

Rana dai ba ta ɓace ba, amma shanyar mutane ta ɓace. Keken tela ya samu rabonsa. Kaji suka yi hijira zuwa maƙwabta. Mai shayi da ke can bakin titi ya zubar da tukunya guda yana salati. Hular kwanon Na-Sani ta tashi, ta dawo a cike. Fararen kayan dattijo kuwa, kar ka tambaye ni.

Na leƙo daga ƙarƙashin lema na ce, "Injiniya! Wannan ne na huɗun? Gaskiyarka, kaina ba zai ɗauka ba!"

Dattijon ya cire tabarau, ya nemi wuri mai tsabta a jikinsa da zai goge, bai samu ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Wa ya toshe bututun masai?"

Duk gidan muka nuna shi da baki ɗaya, don hannuwa suna kan hanci.

Hajiya ta ce, "Ka kwashe dutsenka da bokiti, ka wanke min gida, sannan ka kwashe tayoyinka."

Dattijon ya tako har gabansa, takalmi yana caɓal-caɓal. "Malam, ka san maganar auren nan ta mutu?"

Na-Sani ya share ido da bayan hannu ya ce, "Na sani."

Tunda nake da shi, ranar ce kaɗai ya faɗi haka kuma gaskiya ne.