Sunan Maigari a Saman Takarda

Ba zan taɓa mantawa ba da kwana taran nan da na sa mutanen gari guda suna shan ruwa mai guba, kuma ba mugunta ce ta sa ni ba, ladabi ne. Har yau in abin ya faɗo mini ina cikin cin abinci, sai in ture kwanon gefe.

Ni mutumin Gummi ne. Da na gama makaranta na samu aiki a Anka tare da wasu masu auna gubar dalma a cikin ƙasa da ruwa, a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari. Ba ni nake ɗebo ruwan ba, ba kuma ni nake aunawa ba. Nawa shi ne in zauna gaban kwamfuta in shigar da lambobin da aka kawo, in mayar da su giraf, wato zanen nan mai layuka da ke nuna abu ya hau ko ya sauka. Ƙaramin aiki ne, amma a lokacin gani nake in babu ni ofishin tsayawa zai yi. (In na je gida, Inna na gaya wa maƙwabta ɗanta likita ne, ni kuwa ban taɓa gyara mata ba.)

Akwai wani ƙauye a yankin Bukkuyum, ba zan kama sunansa ba, da rijiya biyu ce kaf ruwan shansu. Ɗaya a ƙofar gidan maigari, ɗaya a bakin rafi. An ɗauki watanni ana ɗebo ruwansu ana aunawa, kuma a wurina ba su da suna sai lamba: rijiya ta ɗaya da rijiya ta biyu. Ban taɓa taka garin ba. Da sakamako ya kammala, shugabarmu Hajiya Rabi tana shirin tafiya Gusau taro, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu ta ce mini, "Ta ɗaya ce mai guba. Duba littafi ka ga sunanta, ka rubuta wa maigari layi biyu da Hausa cewa kada a ƙara sha. Ka ba mai ɗebo ruwa ya kai. In na dawo mu je mu yi musu bayani."

Layi biyu! Ni da na iya giraf? Na ce a raina ai mutanen nan sun cancanci su ga ilimi da idonsu.

Yini biyu na yi a kan zanen nan. Layukan baya, masu kama da raga, da kwamfuta ta fitar da su baƙaƙe ƙirin, na mayar da su ruwan toka mai haske, na kuma tsinka su ɗigo-ɗigo don kada su danne ainihin layin. 'Yan tsagogin ma'auni na gefe na daidaita tazararsu, na sa ƙanana a tsakanin manya, na juya su ciki, na ga bai yi ba, na sake juyo su waje. Watannin da ke ƙasa na rubuta su da Hausa, na ɗan karkata su don kada su hau juna. A gefe na rubuta abin da ake aunawa da manyan haruffa. Layin da ya haye sama na ba shi ja, wanda ya kwanta ƙasa na ba shi kore. Duk wanda ya shigo ofis sai na kira shi ya gani, har mai gadi bai tsira ba.

Saura ɗan akwatin da ke kusurwa, wanda ke faɗin wane launi ne na wace rijiya. Kwamfuta ta sa ɗigon ja a sama da lamba ɗaya, ɗigon kore a ƙasa da lamba biyu. Na buɗe littafi, na goge lambobin, na rubuta sunayen da hannuna daidai yadda suke: Rijiyar Bakin Rafi a sama, Rijiyar Maigari a ƙasa. Da a nan na tsaya, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Sai na ja kujera baya na dube shi. Wani abu ya tsaya mini a rai. Sunan maigari a ƙasa? Takardar da shi za a miƙa wa a hannu? Mu da ko katin ɗaurin aure in aka sa sunan babba a ƙarƙashin na yaro sai an yi wata ana maganar. Tun muna ƙanana aka koya mana babba ake fara ambata. Na kama rubutun nan na jawo sunan maigari sama, na tura bakin rafi ƙasa. Ɗigon ja da na kore kuwa suna nan inda suke, ban taɓa su ba, ban ma tuna da su ba. Na ji daɗin kaina sosai, na ce yau na haɗa boko da tarbiyya. Aka buga, na ba mai ɗebo ruwa a cikin ambulan, ya ɗaure a bayan babur.

Kwana tara bayan haka aka sa ranar bayani. Na sa shaddata mai sitati, na sa aka buga mini zanen babba. Motar Hajiya Rabi ta makara a hanya, ta aiko cewa mu fara. Wallahi daɗi na ji.

A ƙofar gidan maigari aka shimfiɗa tabarmi. Na ga wata rijiya a gefe an rufe ta da kwanon rufi, an ɗora duwatsu da ƙaya a kai, na ce a raina madalla, mutanen nan suna jin magana. Ashe malamin firamare ne ya karanta wa maigari takardata, ya nuna masa ja a gefen sunansa, shi kuma dattijon nan take ya sa aka rufe rijiyarsa, aka yi shela kowa ya koma bakin rafi.

Na tsaya na fara zuba. Na nuna watanni, na nuna tsagogin gefe, na bi jan layin da sanda har sama. Rijiyoyi da yawa sun wuce ta hannuna a kwanakin nan, don haka ban tuna komai ba, abin da ke jikin takardata kawai nake karantawa, kuma na yarda da ita fiye da yadda na yarda da kowa a wurin.

Wani mutum ya ɗaga hannu daga baya. Malam Lawal sunansa, baƙo ne daga wajen Kano, yana cikin masu wankin zinari. Ya ce, "Malam, a yi mini afuwa, ni ban yi boko ba. Amma mu a gefen rijiyar rafin nan muke wanke garin dutse, ruwan wankinmu ta bakinta yake bi. Mu kanmu ba ma shan ta. Yaya za a yi ta fi ta maigari kyau?"

Na yi masa irin murmushin da ake yi wa wanda bai sani ba. Na ce, "Malam, wanga aikin na'ura na, ba na ido ba. Dubi nan, ja. Ja na nuhin haɗari. Sunan wa kag gani gehe nai?" Har wasu suka yi dariya. (Ya Allah, wannan murmushin ne ya fi ci mini rai har yau.)

Daidai nan Hajiya Rabi ta iso. Ta gaida maigari, ta dubi rijiyar da aka rufe, ta dubi zanena. Ba ta zauna ba. Ta ciro littafin aiki daga jaka ta buɗe, ta sa yatsa ɗaya a littafi, ɗaya a ɗan akwatin nan nawa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Wa ya juya sunayen nan?"

Sai a lokacin na tuna. Da na yi shiru ma da sauƙi, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Hajiya, gani niy yi bai kamata sunan maigari shi zan ƙasa ba. Don girmamawa."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Maigari ya dube ni, dattijo ne mai farin gemu da ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Yaro, girma kab ba ni ke nan? Rijiyag ga kakana yag gina ta. Da bakina nis sa an ka ruhe ta, nih hana iyalina, nih hana gari, don ka ce guba ta. Da ka aje sunana can ƙasa, mi za shi rage ni da shi?"

Wata tsohuwa da ke tsaye a bakin zaure ta matso, ba ta ko nemi izini ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Ɗana, kwana tara da ruwan rahi nika dama ma jikana kunu. Uwatai ba ta da lahiya, ni ka riƙon shi. An ce takarda tac ce. To yanzu wanda yas sha hwa, mi za ni yi da shi?"

Malam Lawal, wanda na gama yi wa murmushi, shi ne ya tashi ya fara sauke duwatsun daga kan rijiyar maigari, mutane suka bi shi.

Ba a kore ni ba. Hajiya Rabi ta ce kora sauƙi ce. Da aka kwaso yaran garin zuwa Anka gwajin jini, ni ta zaunar a bakin ƙofa ina rubuta sunan kowane yaro, iyaye suna kallona ɗaya bayan ɗaya. Jikan tsohuwar nan na cikin waɗanda aka riƙe don magani. Na tambayi Hajiya ko kwana taran nan ne suka jawo. Ta ce yaran garin sun daɗe cikin ƙurar dutsen, ba wanda zai iya ware rabona daga ciki, ba kuma wanda zai ce ba ni da rabo. Ban san ko lallashi take yi ba ko hukunci.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ɗan aji uku ma ya san shi. Yanzu kafin takarda ta bar hannuna, sai na sa yatsa a kan layi, na bi shi har ɗigonsa, na karanta sunan da ƙarfi, na koma littafi. Abokan aiki na dariya, ina ƙyale su. Ladabina kuma na bar shi a gaisuwa da cire takalmi, ba na ƙara kawo shi kusa da kwamfuta.

Har yanzu muna aika sakamako garin nan. Mai ɗebo ruwa ya ce duk lokacin da ya miƙa ambulan, maigari ba ya buɗewa sai ya tambayi wanda ya zana. In aka ce ni ne, sai ya sa takardar ƙarƙashin tabarma, ya jira Hajiya ta zo ta faɗa masa da baki.