Nomau Mai Tsaron Titi

Tabawa ce ta fara ba ni labarin nan, matar shi Nomau ɗin, ranar da na dawo daga birni bayan na yi wata biyar wajen 'yata da ta haihu. Ko mayafi ban cire ba ta shigo yi min sannu da zuwa, ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Goggo, kin bar gari lafiya, kin dawo kin tarar mun gama tona wa kanmu asiri." Daga baya na ji shi a bakin mutane da yawa, kowa yana gyara nasa wajen don ya fito da wayo. Na Tabawa na riƙe, don ita ba ta raga wa kowa ba, har mijinta.

Nomau dai ƙato ne mai ƙarfin sa, zuciyarsa kuma fara tas. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa shi zai yi, babu ƙari babu ragi. Abin da kake nufi kuwa, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Su uku ne a gidan, shi da Tabawa da mahaifiyarsa Inna Yalwa, tsohuwa mai dogara sanda. Gidansu yana gabas da hanya. Ƙanwar Inna Yalwa, Iya Ladingo, tana yamma da hanya, ƙofa na kallon ƙofa. Tun suna da ƙuruciya ba su taɓa yini ba su ga juna ba.

Sai aka shimfiɗa mana kwalta ta tsakiyar garinmu, Marken Tudu. Muka yi ta guɗa, ni har da juyi na yi, da tsufana. Ba a yi sati ba muka gane abin da muka yi wa guɗa. Akwai kwana a arewacin gari, ba ka ganin mota sai ta fito, in ta fito kuwa kafin ka ɗaga ƙafa ta wuce masallaci. Mai lafiya yakan duba ya ruga. Inna Yalwa kuwa taku biyar sai ta huta.

Bayan tafiyata Iya Ladingo ta kwanta ciwo, kullum jiki na ƙara sauka. Nomau ya ce zai goya uwarsa ya tsallaka da ita. Ta ce ita ba buhun masara ba ce, da ƙafarta za ta je ta ga 'yar'uwarta ko ta zauna. Kullum da safe sai ta dama kunu ta fito ƙofar gida, ta tsaya tana jiran titi ya yi shiru. In kunun ya fara hucewa, Tabawa ta karɓa ta ruga ta kai. Tabawa ita ke ganin Iya Ladingo, ita ta san kwanakin ba su da yawa. Saboda haka da maza suka taru a zauren Dagaci, kowa ya yarda a sa mutum ya tsare titi, kowa kuma ya tuna gonarsa tana buƙatar nome, sai ta tura mijinta.

Wata rana Dagaci ya kira Nomau, ya ba shi jan ƙyalle ɗaure a kan sanda, ya ce, "Duk wanda ka ga yana gudu a kan titin nan, ka kamo min shi."

"To, ranka ya daɗe."

Mota ba ta kamuwa da hannu. Mutum kuwa yana kamuwa, kuma a lokacin babu mai tsallaka titinmu sai da gudu. Wadda ya fara kamawa Tabawa ce, da kwanon kunu a hannu.

"Malam, ni ce fa."

"Na gane ki. Amma gudu kike."

"In ban yi gudu ba mota ta take ni."

"Sai ki faɗa wa Dagaci."

Kafin a yi azahar, zauren Dagaci ya cika da mutanen gari: mata uku da tulunansu, mahauci da cinyar akuya a kafaɗa, Ladan da ya fito zai kira azahar, da wani dattijo da ba zan faɗi sunansa ba, wanda cikinsa ya ruɗe, ya nufi bayan gari da buta. Shi ne ya fi kowa roƙo. Direba ko ɗaya babu. Ranar azahar da la'asar kusan tare muka yi su, in ji Tabawa.

Wata rana Dagaci ya sake kiransa. Wannan karon ya tauna maganar kafin ya faɗe ta. Ya ce, "Mutane ka rabu da su. Abin hawa nake nufi. Ka shiga gabansa, ka yi tafiyarka ta ƙafa, shi kuma ya bi ka a baya."

Da Inna Yalwa ta ji wannan doka, ta ce gobe za ta tsallaka. Ta sa aka ciro mata zanenta na ƙasan adaka.

Washegari abin hawan da ya fara fitowa babur ɗin ɗana Sa'adu ne. Sa'adu in ana zagin baƙin direbobi shi ke kan gaba, amma in ya hau babur ɗin nan kajin gari addu'a suke yi. A bayansa kuwa Dagaci ne da kansa, da babbar riga da rawani, zai je taro wajen Hakimi, ya riga ya makara. Nomau ya shiga gaba, ya miƙa hannu baya ya riƙe ƙahon babur, ya kama tafiya. Mutane na zaune a bakin titi suna kallo, Dagaci ya ji kunyar karya dokarsa a gabansu, sai ya dinga ɗaga hannu yana amsa gaisuwa kamar da ma haka ya shirya.

Suka wuce gidan ƙarshe. Nomau bai saki ba. Suka wuce maƙabarta, suka wuce gonakin rake.

"Nomau, ai mun fita gari."

"Mun fita, ranka ya daɗe."

"To sake mu mana."

"Ba ka ce in gari ya ƙare in daina ba."

Sa'adu ya murɗa, babur ya yi kuka, Nomau ko gezau. Sai a kan gada Dagaci ya sauko, ya tsaya a rana ya soke dokar da bakinsa, sannan aka sake su. Da ya isa wajen Hakimi, ya tarar ana naɗe tabarmin taro. A can gida kuwa Inna Yalwa ta yi wanka ta ɗaura zanenta, ta fito ta tarar mai tsaron titi yana wata ƙasa, motoci na wucewa yadda suka saba. Ta koma ciki ta ninke zanen. Tabawa ta ce ranar ba ta yi wa mijinta magana ba har ya ci tuwo ya wanke hannu.

Wata rana dattawa suka gano ainihin laifin. Suka ce tarkacen bakin titi ne ke hana mutum hango mota. Gaskiya kuma akwai tarkace, don mu tun da kwalta ta zo muka mai da ita tsakar gida. Mai amalanke ya kwance shanu ya bar ta nan. Alhaji Maiwada ya ajiye a-kori-kurarsa da ta yi shekara ba ta tashi ba. Mu mata kuwa muka samu wurin shanya da ba mu taɓa samun irinsa ba, babu yashi babu tsakuwa, kowacce ta kama gefenta.

Dagaci ya ce, "Duk abin da ka tarar a bakin titi, ka kwashe ka kawo ƙofar gidana."

Nomau ya ɗauki tsintsiyar kwakwa ya fara daga arewa. Barkono, kuɓewa, masara, gyaɗa, yankakken tumatir, shanyar gida goma sha biyu, ya share su wuri guda ya zuba a buhu. Har da barkonona da surukata ta shanya min. Ya turo amalanke huɗu, ya turo baro, ya turo motar Alhaji Maiwada shi kaɗai. Da ya zo kan bencin dattawa ya tarar wani tsoho, Baba Jatau, na barci a kai, sai ya ɗauko su tare. Baba Jatau ya farka a ƙofar gidan Dagaci, ya duba hagu ya duba dama, ya tambaya ko an yi masa ƙara ne.

Kwana uku mata suna zaune suna tsince barkono daga cikin gyaɗa, suna atishawa suna zagi. Har yau akwai waɗanda ba sa ga-maciji saboda mudun masara. Titi kuwa ya yi fes, ya buɗe daga kwana har gada. Direbobi suka ga fili. Motar da a da take ɗan taka birki saboda amalanke, yanzu ƙararta kawai ake ji. A satin nan aka take tumaki biyu da zakaran Liman. Inna Yalwa ta fito da kununta, ta daɗe tana kallo, ta ce wa Tabawa, "Yarinya, ni idona ne, ko titin nan ƙara faɗi ya yi?"

Ran nan Tabawa ta tarar Iya Ladingo ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta. Ta sha kunun cokali biyu ta ce, "Ki ce wa Yaya ta daina wahalar da kanta." Tabawa ba ta isar da saƙon ba.

Wata rana, ranar kasuwa ce, Dagaci ya gaji. Ƙofar gidansa ta koma tasha, ko fita ba ya yi sai ya raɓa. Ya ce kowa ya zo ya ɗauki abinsa, sai faɗa ya tashi. Mutanen gabas suka ce ba za a sake jibge musu amalanke a ƙofa ba, a kai yamma. Mutanen yamma suka ce su ba bola ba ne. Dagaci ya dafe kai ya kira Nomau.

"Ka mayar da su titi. Ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya gabas, ɗaya yamma, kada wani ya ce an fi shi. Kada ka haɗa biyu wuri guda. Kuma kada ka tare ƙofar kowa. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Gefen titinmu duk ƙofofin mutane ne. Inda ba ƙofar kowa ba sai kan kwalta. Nan Nomau ya jera su. Amalanke a hannun gabas, rabinta a kan hanya. Ya yi taku ashirin, motar Alhaji Maiwada a hannun yamma. Taku ashirin, wata amalanke a gabas. Haka ya yi tun daga kwana har masallaci, titin da yake miƙe sambal ya koma tafiyar maciji.

Tabawa ta leƙo ta gani, ta ce yau kam ɗaure shi za a yi. Mutane suka fito suna kumfar baki, Alhaji Maiwada na cewa a kira masa Dagaci. Ana cikin haka wata doguwar motar kasuwa ta fito daga kwana da gudunta. Direba ya hango amalanke, ya taka birki har taya ta yi ƙara. Ya kauce yamma, ya ci karo da a-kori-kura, ya kauce gabas. Ya leƙo da kai yana tambayar wane mara hankali ne ya yi wannan aikin, mota kuwa na tafiya kamar tana rakiyar gawa. Na bayansa suka biyo sahu.

Babu wanda ya lura da Inna Yalwa sai Tabawa. Ba ta tsaya neman zanen adaka ba, da na jikinta ta fito. Ta taka zuwa amalanken da ke kusa da ƙofarta, ta dafa ta huta. Daga nan zuwa gefen yamma taku bakwai ne. Ta shiga. Direban ya tsaya cak, ya sa hannu zai danna oda, sai ya fasa. Ta ɗago sanda ta ce masa, "Sannu ɗan nan. Ka yi haƙuri, ƙafar ce." Ya ce, "Taka a hankali, Iya." Duk masu faɗan suka bi ta da ido har ta shige zauren gidan ƙanwarta.

Tabawa ta bi ta da kunu. Ta ce da Iya Ladingo ta buɗe ido ta ga yayarta a kanta, abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, kin tsufa."

"Ke da kike kwance kamar tsumma kike faɗa min? Matsa in zauna."

Kwana goma sha tara Inna Yalwa tana tsallakawa safe da yamma. A na ashirin Iya Ladingo ta cika, kanta a kan cinyar yayarta.

Amalanken suna nan inda Nomau ya sa su. Dagaci yana faɗa wa baƙi cewa ya daɗe yana nazarin tsarin. Dattawa sun ce ai su suka ba shi shawara. Sa'adu ma ya ce min da ma abin ya taɓa zo masa a rai. Na tambayi Nomau, ya ce shi dai an ce kada ya tare ƙofar kowa.

Washegarin dawowata, da gari ya waye, na ɗauki mayafina zan je gidan marigayiya in yi musu gaisuwa, don ni ma a gabas nake. Na saba in zo bakin titi in tattare zane in ruga kamar ɓarauniya, har na tattare. Sai ga wata farar mota mai baƙin gilashi ta taho tana lallaɓawa tsakanin amalanke, ta tsaya tana jirana. Na saki zanena. Na shiga da tafiyar amare. Da na kai tsakiya na tsaya na kwance ɗankwalina, wanda babu abin da ya same shi, na sake ɗaurawa, sannan na ƙarasa.