Farantin Surukata

Ni da na haifi tara na aurar, ban taɓa zaton faranti ne zai kunyata ni a gaban suruka ba.

Da sanyi ya shigo Doha, inda nake zaune da jikokina, ɗana injiniya ya kwashe mu ranar Juma'a zuwa sahara, mu kwana biyu a tanti, yara su koyi zamiya a tudun yashi. Aka ɗaura musu katako a ƙafa, malaminsu Balarabe yana ta "yalla, yalla", wato maza-maza, su kuwa sai faɗuwa suke kamar 'yan tsaki.

Na ce, "Wannan har sai da malami? Mu a gangaren kogin garinmu cikin masaki muke yi."

Jikana Sadiƙu ya ce, "Matata, ke dai akwai cika baki."

Ai kuwa na ɗauko babban farantin shinkafar surukata, na sha ɗamara, na hau tudu ina haki. Ɗana yana "Inna, don Allah", na ce ya matsa.

Na manta masaki ba shi da santsin silba. Farantin ya kwashe ni yana juyi, ina salati, ɗankwali ya yi gabas, takalmi ya yi yamma. Ban tsaya ba sai tsakiyar shimfiɗar wasu Larabawa masu shan gahawa. Dattijonsu ya dube ni, ya miƙo mini dabino. Surukata ta juya baya, wai tari ne ya sarƙe ta.

Har yau in an gama cin abinci, Sadiƙu sai ya leƙo: "Matata, a wanke motar taki, ko yanzu za ki fita?"