Gyaɗar da Gwaggo Ta Cinye

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na buɗe roba gaban likita a Wudil na tarar babu abin da na tara a ciki.

Al'adata ce ta rikice. In ta zo ba ta san tafiya ba, sai in kwashe kwanaki ban kai goshi ƙasa ba, ga jiri, ga mara kamar ana murɗa ta. Amma duk zuwan da na yi asibiti, da likita ya ce, "Me ke damun ki?" sai kunya ta sa in ce zazzaɓi ne. A ba ni maganin maleriya, in koma garinmu Utai da ciwona. Sai ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin rijiya, na farfaɗo na ga mata a kaina suna salati, sannan tsoro ya kama ni.

Wata ƙawata da ke jami'a ta ce in riƙa rubuta abin da nake ji kullum, in kai wa likita. Ni kuwa (mai takardar sakandare fa!) sai na ji tsoron kada wani a gida ya karanta. Na ƙirƙiro dabarata: ranar jini in jefa gyaɗa a wata 'yar roba mai murfi, ranar jiri in jefa aya. Watanni ina yi, ina jin kaina wata mai basira.

Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta raka ni. Layi ya yi tsawo, na bar mata jakata na tafi yankar kati. Na dawo na same ta tana hira da wata tsohuwa, bakunansu na motsi. Ban kawo komai a raina ba. Da layi ya zo kanmu, muka shiga wurin likita tare.

"Malama, me ke tafe da ke?" in ji likita.

Na zaro robata da alfahari na buɗe. Ɓawo kawai, sai wata aya da ta gagari haƙora.

"Gwaggo! Ina gyaɗata?"

"Au, ajiya ce? Ai duk ta yi sanyi ma. Wa ke zuwa asibiti da guzuri ya hana gwaggonsa?"

Likita ya dube ni, ya dubi robar. "To, ke ce mara lafiyar ko gyaɗar?"

Kuka ya ƙwace mini. Cikin kukan nan na zazzage komai da ƙarfi: yawan kwanakin, gudan jini, zanin da nake wankewa a ɓoye, faɗuwar rijiya. Ashe ƙofa a buɗe take, duk 'yan layin suna ji.

"Ke 'yar nan, rufa mana asiri, namiji ne fa!" in ji Gwaggo tana jan hijabina.

"Hajiya, ƙyale ta," in ji shi. "Sai yanzu ta fara magana."

Ya ja fatar idona ya duba, ya daina murmushi. Ya tura ni gwajin jini da hoton ciki. Jinin ya yi ƙasa sosai. Ya ce da na ƙara jinkiri, sai dai a kawo ni ranga-ranga.

Da na fito, na so ƙasa ta tsage in shige. Ina sauri kaina a sunkuye sai wata mata mai goyo ta riƙo hannuna, ta ce a hankali, "'Yar'uwa, nawa ma haka yake. Da wace kalma kika fara?"

Yanzu ina shan magani, ina jiran komawa asibiti. Abin da nake ji kuma a waya nake rubutawa, in karanta wa likita da bakina. Na dai koyi abu biyu: likita ba boka ba ne, sai ka faɗa yake sani. Sannan in za ka ajiye tarihin ciwonka, kada ka ajiye shi a abin da ake taunawa.