Rasuwar Sif Ɗin Da Nake Waƙa A Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙeya mai ɗauke da kumburi, nake sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da tsirarun mutanen da ke sauraron waƙoƙina rasuwar sif ɗin kayanmu, mai ƙofa uku da madubi a tsakiya. Ya cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, ina cikinsa. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida a duniya, tara daga ciki yana yi mini hidimar ɗakin ɗaukar murya.

Marigayin na goggona ne tun asali. Ita ta ba mu shi lokacin da ta koma ƙaramin gida, mutum biyar suka hau bene da shi suna haki. Ɗakinmu yana saman shagon mai walda ne, tagarmu kuma tana kallon mahaɗar titi. Waƙar farko da na ɗauka a tsakar ɗaki, injin yankan ƙarfe ya fi ni fitowa a cikinta. Abokina mai haɗa sauti, wanda muke kira Kunne saboda ba abin da ke wuce masa, shi ya ba ni shawara in shiga tsakanin tufafi in rufe ƙofa, ya ce zannuwan mata sun fi kowane bango shanye amo. Na shiga da niyyar gwaji na rana ɗaya. Shekara tara ke nan ina durƙushe a kan kwalin takalma, makirufo yana rataye a sandar hanga, gumi yana bin bayana, rigunan maiɗakina suna shafar fuskata.

Shaidar da zan yi wa marigayin ita ce mai haƙuri ne, mai riƙon asiri. Ya ji ni ina maimaita baiti ɗaya sau sittin bai taɓa yin tsaki ba. Bai taɓa tare ni a hanya ya ce yaushe zan saki sabuwar waƙa ba, alhali tsohuwar ma bai buɗe ta ba. Bai taɓa ce mini waƙata ta yi tsawo, wai mutanen yanzu ba sa wuce daƙiƙa goma sha biyar ba. Bai taɓa ba ni shawara in riƙa yi irin na wane, ko in koyi rawa a gaban waya ina da shekara arba'in da ciwon gwiwa ba. Ranar da na saki kundina na biyu, bayan wata goma sha huɗu ina fama da shi, na duba bayan mako guda na ga an saurare shi sau ɗari da sha biyu, kuma ni na san nawa ne nawa a ciki. A cikin sif ɗin na shiga na zauna, ba makirufo, ba komai. Abin da ya faru a nan ya tafi da shi.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Ƙofarsa ta hagu tana da wani kuka, ƙiiii, da take yi daidai lokacin da murya ta zauna. In na motsa, hanga sukan amsa da ƙyal-ƙyal. Warin kafur ɗinsa kuwa har a maƙogwaro nake jin sa. Duk na yafe masa.

Ciwon ajalinsa gara ce. Shekara biyu da suka wuce muka fara ganin gari-gari a ƙarƙashin ƙafarsa ta baya. Kafinta ya zo ya ƙwanƙwasa shi, ya girgiza kai, ya ce ciki ya riga ya tafi, fenti ne kawai ke riƙe da shi. Na sa masa bulo. Da ya ƙara karkata na ƙara da tsofaffin littattafai. Maiɗakina ta ce ko dai kayanta su fito ko ni in fito, na roƙe ta ta bari in gama kundi na uku, saura waƙa ɗaya.

Waƙar nan ta bakwai ta mahaifina ce. Direban babbar mota ne, ya rasu ban taɓa samun ƙarfin halin kunna masa waƙata ko ɗaya ba. Shekara biyu ina ɗaukarta ina gogewa. In murya ta yi daidai sai hawaye su ɓata, in na daure sai ta fito kamar mai karanta takarda. Ranar Talatar nan na ɗauki hutu daga shagon buga takardu da nake aiki. Aka ɗauke wuta, mai walda ya rufe ya fita, titi ya yi shiru kamar an roƙe shi. Na kunna kwamfuta da sauran cajinta, na shiga, na ja ƙofa. Waƙar ta fito. Tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Na ja kalmar ƙarshe har numfashina ya ƙare, sannan don daɗi na jingina bayana da katakon baya.

Marigayin ya ce ƙararraf. Ya ɗan yi shiru. Sannan ya ce rugugum.

Sandar hanga ta fara saukowa, rufi ya biyo ta, akwatin maiɗakina da ke sama ya same ni a ƙeya. Na ƙwala ihu, na kira sunan akwatin da sunan mai shi. Kwamfuta kuwa tana ta ɗauka.

Na tura wa Kunne sautin duka don ya gyara. Ya yanko daƙiƙa goma sha ɗaya na faɗuwar, ya tura wa ƙaninsa wai don su yi dariya su biyu. Cikin kwana biyar an saurari ihuna sau dubu arba'in. Waƙoƙina talatin da ɗaya, a shekara tara, ba su haɗa dubu shida ba. Jiya a motar haya wayar kwandasta ta yi ƙara, na ji kaina ina kiran akwati. Wani mai gabatar da shiri a rediyo, wanda na shekara huɗu ina tura wa saƙo ba amsa, ya kira ni yana ce mini babban mawaƙi, wai in zo mu tattauna kan faɗuwar. Abokan aikina suna roƙo in maimaita musu ihun. Babu wanda ya tambayi abin da nake rerawa kafin sif ya faɗi, sai yayata. Ta kira tana dariya har tana tari, na ce mata waƙar Baba ce. Ta daina dariya, ta ce, “Turo mini ita duka.” Ita kaɗai.

Marigayin ya bar ƙofa biyu da rabi, madubi ɗaya da ko tsagewa bai yi ba, hanga talatin da huɗu, da tulin tufafi da ke zaman gudun hijira a kan kujera. Ya bar makirufo mai lotsattsen kai. Ya bar waƙoƙi bakwai marayu, da mawaƙi ɗaya da bai san inda zai ɗauki ta gaba ba, domin maiɗakina ta riga ta zaɓi magajinsa: na yadi ne da siraran ƙarafa, ta kuma tabbatar mini ta auna, mutum ba ya shiga.

Za a sauko da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a hannun kafintan da ya yi jinyarsa. Sassan da gara ta ci za a ƙona su a bayan gida. Ana roƙon mai walda ya kashe injinsa na minti biyar, ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakinmu bayan an gama. Kundin zai fita ranar Juma'a kamar yadda na sanar. Kunne ya ce in sa faɗuwar a farko, ita kaɗai, don ta jawo jama'a, na ƙi. Na bar ta inda ta faru, a ƙarshen waƙar mahaifina. Duk wanda ya zo ta'aziyya za a ba shi wurin zama, a karɓi wayarsa, a kunna masa daga farko. Minti huɗu da rabi ce. Mai son ya yi dariya, sai ya ji labarin Baba tukuna.